Me Ke Sa Harsashi Ya Faɗa Inda Aka Auna? Kimiyyar Saiti Daga Bindigar Toka Zuwa Bindigar Gasa

Gabatarwa

Wanda ya bar birnin Kano ta hanyar Zariya, ya ratsa ƙasar Kumbotso ya haye gadar Tamburawa, zai sami kansa a cikin ɗaya daga cikin manyan filayen noman rani na ƙasar Hausa, wato yankin Kura da Bunkure da Garun Malam. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a shekarar 1974, ruwa ke bin magudanai yana shayar da shinkafa da alkama da tumatir da albasa. Sai dai ruwan da ya rayar da gona ya jawo mata baƙi. Tsuntsayen jan-baki kan sauka a kan shinkafa dubbai, hasbiya da makwarwa na tsintar iri, zomo da gafiya kuma na ɓarna cikin dare. Wannan ne ya sa har yau bindigar toka ba ta bar hannun wasu manoma da maharba ba.

Akwai wani abu da maharba suka daɗe da lura da shi. Mutumin da ba ya kuskuren zomo a taku 20, in aka kai shi taku 60 sai ya yi ta zubar da albarushi a banza. Wani ya ce an karya masa asiri, wani ya ce dabbar ce ke da ƙwari. A ɗaya gefen kuma, a gasar Olamfik akwai masu tsayawa nisan mita 10 su riƙa samun ɗigon da faɗinsa rabin milimita ne kacal, ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. Wannan maƙala za ta duba abin da ya raba waɗannan maharba biyu, da yadda masu tsara bindigar gasa ke tunani, da kuma matsayin jikin ɗan'adam a cikin lamarin.

Dace Daban, Tattaruwa Daban

Bahaushe ya ce harbi a wutsiya ya fi kuskure. Wannan gaskiya ne ga mai neman naman miya, amma mai gasa da wani ma'auni yake aiki. A ɗauka an ba mutum biyu harsashi biyar biyar, aka kafa musu allo. Na farko ya sami tsakiya sau ɗaya, sauran huɗun suka warwatsu ko'ina. Na biyu bai sami tsakiya ko sau ɗaya ba, amma duk biyar ɗin sun taru wuri guda a gefen hagu, yadda kwabo ɗaya zai rufe su. 'Yan kallo za su yi wa na farko tafi, amma masani zai zaɓi na biyu. Dalili kuwa shi ne, na farko dace ya yi, kuma ba shi da tabbacin sake dacewa. Na biyu kuwa kuskurensa iri ɗaya ne kullum, da zarar an gyara masa saiti kaɗan zuwa dama, duk harbinsa zai koma tsakiya.

Saboda haka abin da mai tsara bindigar gasa ke nema shi ne maimaici, wato kowane harbi ya zama tagwayen wanda ya gabace shi. Ana auna wannan tattaruwa da kusurwa. In aka raba digiri ɗaya gida 60, kashi ɗaya daga ciki kan buɗe kimanin santimita 3 a nisan mita 100. Bindigar da ke tara harbinta a cikin wannan faɗi ana ɗaukarta mai kyau, na manyan gasa kuwa sukan yi ƙasa da haka ainun.

Bututu Mai Sulɓi da Bututu Mai Tsaga

Bindigar toka jikanyar bindigogin da Turawa 'yan kasuwa suka riƙa kawowa gaɓar tekun Afirka ta Yamma ce tun ƙarnukan baya. Daga cikinsu akwai mutanen Danmak da ke da sansani a Ankara ta ƙasar Gana, waɗanda har yau da sunansu ake kiran wannan bindiga a Turance. A yaƙe-yaƙen Daular Sakkwato doki da mashi da baka ne suka fi tasiri, sai a ƙarshen ƙarni na 19 bindiga ta yawaita. Lokacin da sojojin Ingila suka ci Kano ranar 3 ga Fabrairu, 1903, bindigogin da ke hannunsu sun riga sun yi wa na gida nisa, kuma babban bambancin yana cikin bututu.

Cikin bututun bindigar toka sumul yake, kuma dalmar da ake ɗurawa ba ta cika shi. Idan albarushi ya tashi, dalmar kan fita tana gogar bango nan da can, ta fice da juyi irin wanda ta ga dama. Wani masanin lissafi ɗan Ingila, Benjamin Robins, shi ya bayyana illar wannan a littafinsa na 1742. Ya nuna cewa dalma mai juyawa a iska takan karkace, kuma tunda ba a san gefen da za ta juya ba, ba a san inda za ta karkata ba. A 1852 wani Bajamushe, Gustav Magnus, ya yi nazarin wannan ƙarfi a ɗakin gwaji, har aka sa masa sunansa. Duk yaron da ya taɓa buga ƙwallo da gefen ƙafa ya ga ta lanƙwasa a iska ya ga wannan ƙarfi da idonsa. A kusa karkatar ba ta da yawa, amma tana ƙaruwa da nisa, kuma wannan shi ne amsar tambayar maharbin da ke kuskure a taku 60.

Maganin da maƙeran ƙasashen Jamus suka samo tun wajen shekarar 1500 shi ne yin tsagogi a cikin bututu, masu naɗewa kamar murɗin igiya. Tsagogin kan tilasta wa harsashi juyi iri ɗaya a kan tsawonsa. Misalinsa shi ne katantanwar da yara ke murzawa, ko mazarin da tsohuwa ke kaɗi da shi: muddin yana juyawa da sauri yana tsaye cak, da juyin ya ragu sai ya fara layi ya faɗi. Ƙaramar bindigar gasar mita 50 kan juya harsashinta sau ɗaya a kowane santimita 40 ko kusa da haka, kuma tunda gudunsa ya kai kimanin mita 320 a sakan, yakan fita yana juyi kusan sau 800 a sakan guda.

Ɗura irin wannan bindiga ta baki ya kasance da wahala, har sai da wani hafsan sojan Faransa, Claude Minié, ya fito da dogon harsashi mai kumbura a cikin bututu a 1849. A 1860, a bukin buɗe gasar harbi ta Wimbledon a Ingila, aka ɗaure wata bindiga ƙirar Joseph Whitworth a kan matattara, Sarauniya Biktoriya ta ja igiya, harsashin ya faɗa ƙasa da inci biyu daga tsakiyar allon da ke nisan yadi 400. Abin lura a nan shi ne ba a kafaɗar mutum bindigar take ba.

Abin da Ke Samun Harsashi a Hanya

Da zarar harsashi ya bar bakin bindiga, ƙasa ta fara jansa kamar yadda take jan mangwaron da ya tsinke daga reshe. Wanda ya yi rabin sakan a iska zai sauka da kimanin mita 1.2 daga layin da ya fita a kai. Don haka duk wani bambanci a gudu kan zama bambanci a wurin faɗuwa, domin harsashi mai nawa ya fi daɗewa a hanya. Mai bindigar toka da ke awon albarushi da ido, yau ya yi yawa gobe ya yi kaɗan, kuma ga laimar damina tana shiga cikinsa, ba zai taɓa samun gudu iri ɗaya sau biyu ba.

Sai kuma iska. Iskar hunturu da ke kaɗowa daga arewa maso gabas takan ture harsashi gefe, kuma turin na ƙaruwa fiye da yadda nisa ke ƙaruwa, shi ya sa ake kafa ƙananan tutoci a filin gasa. Zafi ma na da nasa. Da tsakar ranar bazara iskar da ke tashi daga ƙasa mai zafi kan karya haske, ta haifar da kawalwalniya, sai abin da ake auna ya riƙa rawa ko ya bayyana a inda ba ya nan.

Yadda Masu Gasa Ke Tsara Bindiga

Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Mai tsara bindigar gasa daga allo yake fara tunani, sa'an nan ya dawo baya. Tambayar farko ita ce, wane nisa, kuma a tsaye ko a durƙushe ko a kwance? Ta biyu, me dokar gasar ta yarda da shi? Alal misali, a gasar mita 10 ana amfani da bindigar iska ce mai ɗan harsashi na milimita 4.5, nauyinta kada ya wuce kilo 5.5, kuma ana yin harbi 60. A gasar mita 50 kuwa da'irar tsakiya milimita 10.4 ce. Sai an amsa waɗannan tambayoyi ake zaɓen sassa, kuma kowane sashe ana zaɓensa ne don ya kawar da wani nau'in bambanci.

Bututun gasa kan zama mai kauri. Lokacin harbi bututu na karkarwa kamar tsirkiyar garaya, kuma mai kauri ya fi tsayuwa, bai kuma cika saurin ɗaukar zafi ba. Ƙota, wato jikin da ke ɗauke da bututu har zuwa kafaɗa, tana da nata matsalar. Kowa ya san yadda ƙyauren katako ke kumbura da damina har ya ƙi rufuwa, da hunturu kuma ya tsuke. Haka ƙotar itace ke yi, kuma in tana manne da bututu sai ta riƙa matsa shi daban daban gwargwadon yanayi. Saboda haka ake barin tazara tsakaninsu, wasu kuma suka koma ga ƙotar alminiyam. Ana kuma gyara tsawonta da tsayinta daidai jikin mai ita, kamar yadda tela ke auna riga.

Kunamar bindiga, in tana da tauri, ƙarfin da yatsa zai yi wajen janta kan motsa bindigar gaba ɗaya, don haka ta gasa kan saki da ɗan taɓi, kuma a wuri ɗaya kullum. Game da alamomin saiti, lissafi kaɗan zai nuna muhimmancinsu. In tsakanin alamar gaba da ta baya santimita 60 ne, kuskuren milimita ɗaya tak wajen daidaita su zai zama kuskuren fiye da santimita 8 a nisan mita 50, alhali da'irar da ake nema ba ta wuce faɗin farcen ɗan yatsa ba. Hatta harsashi sai an zaɓa. Manyan 'yan gasa kan gwada rukuni rukuni daga masana'anta ɗaya, su ɗauki wanda ya fi jituwa da bututunsu. Masu harbin mita 50 sun fi son harsashin da gudunsa bai kai na sauti ba, wato kimanin mita 343 a sakan, domin wanda ke tsallaka wannan iyaka yakan gamu da hargitsin iska.

Abu na ƙarshe shi ne littafin rubutu. Ana rubuta rana da zafi da iska da rukunin harsashi da faɗin tattaruwa, kuma ba a canza abu biyu a lokaci ɗaya, don a san wanne ne ya kawo sauyi. Ɗalibin kimiyya zai gane cewa wannan ita ce hanyar da ake bi a tashar bincike ta Kadawa in ana gwada irin alkama ko taki.

Jikin Maharbi

Bindigar gasa ta zamani in aka ɗaure ta a matattara takan kusan saka harsashi a rami ɗaya. Ragowar kuskuren daga mai riƙe da ita yake fitowa, kuma a nan ilimin halittu ke da magana.

A fara da ido. Madubin da ke cikin ido yana canza kauri ta hanyar wata 'yar tsoka don ya ga na kusa ko na nesa, amma ba zai iya ganin alamar baya da alamar gaba da allo tangaran a lokaci ɗaya ba. Ƙwararru kan tsayar da ganinsu a kan alamar gaba, su bar allo ya ɗan dushe. Bayan shekara 40 wannan madubi kan fara tauri, shi ya sa tsohon maharbi ke ƙorafin saiti ya ɓace masa alhali yana hango tsuntsu daga nesa. Lafiyayyen ido kan iya rarrabe ɗigo biyu ne in tazararsu ta kai kimanin santimita 3 a nisan mita 100, wato daidai da ma'aunin da aka ambata a baya. Bugu da ƙari, kowane mutum yana da idon da ƙwaƙwalwarsa ta fi dogara da shi, kuma kusan kashi biyu cikin uku na mutane na dama ne. Wanda ke harbi da kafaɗar dama alhali idonsa na hagu ne jagora zai daɗe yana kuskure bai san dalili ba.

Sai tsoka. Babu hannun da ke tsayawa cak. Ko lafiyayyen mutum yana da wata siririyar karkarwa mai bugawa sau 8 zuwa 12 a sakan, wadda ke ƙaruwa da gajiya da yunwa da fargaba, da kuma sinadarin kafin da ke cikin goro da shayi da kofi. Don haka ake koya wa ɗan gasa ya ɗora nauyin bindiga a kan ƙashi, gwiwar hannu a kan ƙugu, ƙugu a kan ƙafa, domin ƙashi ba ya gajiya kamar tsoka.

Zuciya kuma na bugawa kimanin sau 70 a minti, kowane bugu na tura jini har cikin hannu da kafaɗa, sai bakin bindiga ya ɗan yi tsalle. Bincike ya nuna wasu ƙwararru kan saki harbi a tsakanin bugu biyu. Tasirin wannan ya kai har an haramta wa 'yan gasar harbi shan magungunan da ke rage bugun zuciya da karkarwa. A gasar Olamfik ta Bejin a 2008 an ƙwace lambobi biyu daga hannun Kim Jong-su na Koriya ta Arewa bayan an sami irin wannan magani a jikinsa. A wannan gasa ce kuma Abhinav Bindra ya ciyo wa Indiya zinariyarta ta farko a wasan mutum ɗaya, da bindigar iska ta mita 10.

Numfashi shi ma yana ɗaga ƙirji yana sauke shi. Akwai ɗan hutu da jiki ke yi bayan fitar da numfashi, kuma a cikinsa ake harbi. Wanda ya riƙe numfashi ya wuce kimanin sakan 10 ganinsa zai fara dushewa, karkarwa ta ƙaru. Daga ƙarshe akwai zabura. Ƙwaƙwalwar da ta saba da ƙara da duka a kafaɗa takan sa mutum ya runtse ido ya ture kafaɗa tun kafin harbin ya tashi, kuma ba ya sanin ya yi. Bindigar da aka cika wa albarushi don ta yi ƙara ita ce ta fi koya wa mai ita wannan ɗabi'a.

Haɗari da Doka

Tun 1813 aka kafa gidan gwajin bindigogi a Birmingham ta Ingila, inda ake ɗora wa kowane bututu nauyin da ya wuce na aiki kafin a buga masa hatimi a sayar. Bututun da aka ƙera a ɓoye bai bi ta irin wannan gwaji ba, kuma tsatsa da tsagewar da ke cikinsa ba a ganinsu da ido, sai ranar da ya fashe a hannun mai shi ya tafi da yatsu ko ido. Ƙarar bindiga takan wuce ma'aunin desibel 140, kuma ƙananan ƙwayoyin halitta masu gashi da ke can cikin kunne in suka mutu ba sa sake tsirowa. Dalma kuma guba ce. Mutuwar yara fiye da 400 a ƙauyukan Zamfara a 2010, sakamakon dalmar da ke cikin duwatsun zinariya da ake niƙawa a gida, ta isa gargaɗi ga mai narka dalma a tsakar gidan da yara ke wasa.

Dokar makamai ta Nijeriya ta 1959 ta wajabta lasisi ga mai riƙe bindiga, har da ta toka da ta iska, ta kuma haramta ƙera bindiga ba da izinin hukuma ba. Ƙera makamai aikin wurare ne irin kamfanin DICON na Kaduna da aka kafa a 1964. A ƙasar da ta sha wahalar 'yan bindiga, hikimar wannan doka a fili take.

Game da jan-baki kuwa, ko bindigar da ta fi kowace saiti ba za ta yi maganinsa ba. Tsuntsu ne mai nauyin kimanin giram 20 da ke tafiya cikin garke mai dubbai, wani lokaci miliyoyi, kuma yakan saba da ƙarar da ba ta cutar da shi, kamar yadda yake sabawa da mutum-mutumi. Shuka a lokaci ɗaya tsakanin maƙwabtan gonaki, da raga, da girbi a kan kari, da sanar da hukumar gona wurin da tsuntsayen ke kwana, sun fi albarushi amfani.

Kammalawa

Abin da ya raba maharbin gona da ɗan gasar Olamfik shi ne yawan abubuwan da kowannensu ya bar wa dace. Na farko ya bar awon albarushi da siffar dalma da juyinta da halin ƙota duk a hannun sa'a. Na biyu ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya auna ya daidaita, sa'an nan ya juya ga idonsa da numfashinsa da zuciyarsa. 'Yan bindigar sarki da ke tayar da hayaƙi a hawan Sallah ƙara da kwarjini suke nema, kuma bindigar toka ta ishe su. Mai neman tsakiyar allo kuwa sai ya yi awo.

Ƙasar Hausa ba ta rasa masu ido da natsuwa ba, haka nan ba ta rasa maƙera masu hannu ba. Jami'o'i da hukumomin wasanni na iya buɗe ƙananan ɗakunan harbin bindigar iska bisa izinin hukuma, domin fili mai tsawon mita 10 kawai ake bukata, kuma ɗalibi zai koyi lissafi da ilimin jiki a ciki. Maƙerin da ya koyi auna ƙarfe zuwa kashi ɗaya cikin 100 na milimita kuwa, injinan ban ruwa da na casar shinkafa da ke Kura da Bunkure na jiran hannunsa.